Oga ya ce ka dinga zuwa kwana uku a sati, doka ta yarda?

Wagga magana ta yi yawa a Kebbi yanzu, musamman injinan casar shinkafa da gidajen mai da makarantun kuɗi. Kasuwa na ɗan yin sanyi sai oga ya tara ma'aikata ya ce daga Litinin kowa kwana uku zai dinga zuwa, albashi ma ya koma rabi, mutane su yi gum don sun ɗauka tunda wurin nasa ne to yadda ya ga dama. Wallahi abin nan na ci min rai, don ba haka doka ta ce ba.

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce awannin aiki da yarjejeniya ake tsayar da su, ko tsakaninka da oga, ko ta bakin ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashi. To abin da mutum biyu suka ƙulla ta yaya guda zai kwance shi kaɗai? Sashe na 17 ma ya fi zafi, in ka zo aiki lafiya lau bai ba ka aikin yi ba sai ya biya ka kuɗin ranar, sai dai in wata larura ce ta fi ƙarfinsa, ita ma ba ta wuce sati ɗaya sai jami'in ƙwadago ya yarda.

Inda ake cin mu shi ne takarda. Sashe na 7 ya wajabta a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa, amma yaranmu nawa ke da ita? Da baki aka ɗauke su, "zo gobe ka fara", shi ke nan. Ga wani tarko kuma da ba a lura da shi, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi mai aikin rabin lokaci ba, haka wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka in aka rage maka awanni ana iya cire ka daga ciki gaba ɗaya.

Shi ma oga yana da nasa, in ka ƙi yarda zai iya sallamarka amma da notis, sati ɗaya in aikinka ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda in ka kai biyar.

Ni dai shawarata kar ka sa hannu a sabuwar takarda nan take, kar kuma ka ci gaba da karɓar rabin albashi shiru wata da watanni, gobe za a ce ai ka amince. Ka rubuta cewa ba ka yarda ba ka ajiye kwafi, ka je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Birnin Kebbi ko wurin 'yan ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, in abin ya ƙi akwai Kotun Ma'aikata a Sakkwato.