Tantanin da Ke Riƙe Ɗaci

Ranar da na fara zuba tantanin kitse, irin wanda ake sa wa na'urar auna ɗanɗano, sau biyu na sake awo don kada a samu kuskure. Haɗin ba shi da yawa: robar PVC, da sinadarin da ke tausasa ta, da ɗan kitse, duk a narkar da su cikin THF, wani ruwan sinadari mai narkar da roba, a zuba a farantin gilashi, a rufe, a bar shi kwana uku ya bushe. Abin da ke fitowa tantani ne garau, kaurinsa wajen mikiromita 200. Shi za ka yanka ka manna a kan na'urar awo, ka cika cikinta da ruwan gishirin potasiyam (KCl) mai kauri, ka saka wayar azurfa.

Farfesa Kiyoshi Toko da abokan aikinsa na Jami'ar Kyushu da ke Fukuoka a Japan ne suka ɓullo da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin Anritsu kuma ya fitar da na'urar SA401 kasuwa a 1993. Na'urar ba ta lissafa sinadaran da ke cikin abin sha ɗaya bayan ɗaya. Lantarkin fuskar tantanin kawai take aunawa, a milibolt.

Tantanina na farko mai cajin negetif ne, saboda kitsen fosfet da ke jikinsa. Idan na tsoma shi a ruwa mai tsami, kitsen ya daina sakin haidirojin, cajin ya ragu, alƙaluma su tashi. Gishiri kuwa lulluɓe cajin yake yi daga waje. Waɗannan biyun da an ɗauraye sun tafi.

Kwinin, sinadarin nan mai ɗaci na maganin zazzaɓi, shi ne ya tsayar da ni. Ƙa'idar ita ce ka fara auna ruwan ma'auni mai kwaikwayon miyau, wato milimola 30 na KCl da 0.3 na asid ɗin tatarik, sannan ka tsoma a samfurin tsawon daƙiƙa 30, ka ɗauraye sama-sama, ka koma ruwan ma'auni. Da na koma, alƙaluman suka ƙi dawowa inda suka faro. Na sake, haka dai. Raina ya ɓaci, na ɗauka tantanin ya lalace, har na ɗauko almakashi zan yanka sabo. Wani yayanmu a ɗakin gwajin ya dakatar da ni, ya nuna mini cewa wannan ragowar da nake kuka da ita, ita ce ainihin abin da ake nema. Kwinin yana da ɓangaren da ba ya son ruwa, sai ya kutsa cikin tantanin ya maƙale, kuma da yake cajinsa fozitif ne, lantarkin ya zauna a sauye. Ana kiran wannan awo CPA, wato sauyin lantarkin da abin da ya maƙale a tantani ya haddasa. Duk wanda ya taɓa haɗiye maganin zazzaɓi mai ɗaci ya san shi a harshensa, ya kurkure baki amma ɗacin na nan. Baurin shayi ma haka yake maƙalewa, sai dai shi a tantani mai cajin fozitif.

Tun daga ranar na daina wasa da wanki. Daƙiƙa 90 cif a ruwan da ke da kashi 30 cikin ɗari na etanol da ɗan asid, kuma ba na taɓa samfuri na gaba sai alƙaluma sun natsu. Kumfar iska ɗaya tak a bayan tantani ta taɓa ɓata mini awon yini guda, don haka yanzu ina ɗaga kowace na'ura a hasken fitila kafin in fara.

Na kuma taɓa ƙara kitse da zaton amsar za ta ƙaru. Raguwa ta yi, domin idan caji ya yi yawa a fuskar tantanin, ɗan abin da kwinin ya kawo ba ya motsa shi sosai.

Sukari har yau yana ba ni wuya. Ba shi da caji, don haka tantanina na fosfet ko gezau ba ya yi a ruwan da ya ji zaƙi. Shi zaƙi tantaninsa daban ake haɗawa, kuma shi nake gwada zubawa a wannan makon.