Kawu da kwale-kwalen Dufuna

Yau Asabar gidan a cike tun safe. Kawu ya sauka jiya da daddare, Inna ta ce sai waina da miyar taushe, ni aka bar wa tanda. Ta yi kyau kam, ko guda ba ta kwana ba.

Bayan la'asar ina kan tabarma da takardun jarrabawata sai Kawu ya ce wai me nake ta haddacewa haka, na ce yadda ake gane shekarun tsofaffin kayan da ake tonowa a ƙasa ne. Na kawo masa misalin kwale-kwalen Dufuna tunda nan Yobe ɗinmu ne, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka zo aka fito da shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8, kuma gwaji ya nuna ya kai wajen shekara 8,000, babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Kawu ya ajiye carbi ya ce, "'Yata, ice ne fa. Wa ya faɗa musu ranar da aka sare shi?"

Kai na ji daɗin tambayar nan wallahi. Na ce Kawu duk bishiya muddin tana raye tana shan iska, a cikin iskar akwai wani nau'in sinadari da ake kira kabon 14, ɗan mitsitsi ne ƙwarai, to ranar da aka sare ta shan ya tsaya, wanda ke jikinta kuma ya fara raguwa da kansa, duk shekara 5,730 rabinsa ke tafiya. Kamar randa ce mai yoyo da aka daina zuba wa ruwa, in ka san yadda take ɗiga, ka leƙa abin da ya saura, ka san tun yaushe aka bar ta. A icen Dufuna abin da ya rage bai kai rabi ba, kuma ɗakunan gwaji biyu ne a Jamus suka auna, kowa da nasa. Na ma ƙara masa da cewa Willard Libby da ya fito da dabarar a Amurka har kyautar Nobel ya samu a 1960. Wannan bai dame shi ba. Randar ce ta shige shi, yana ta gyaɗa kai.

Har na fara tattara takardu sai ya ce, "To na yarda. Amma wanda ya sassaƙa jirgi mai tsawon nan ba don kududdufi ya yi ba. Ina ruwan ya tafi?"

Na ba shi amsar aji. Cewa a wancan zamanin Tafkin Chadi ya ninka na yanzu nesa ba kusa ba, dogon tudun rairayin nan da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce, kuma daga ɓawon dodon-koɗi da lakar ƙasan tafki ake auna sinadarai a gane lokacin da damina ta yi ƙarfi da lokacin da ta ja baya. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce rijiyar gidansu da ya haƙa da hannunsa yana saurayi, gaba huɗu suka tarar da ruwa, bara sai da aka ƙara mata zurfi sau biyu kuma kafin bazara ta ƙare ta ƙafe. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Tun lokacin jikina a sanyaye yake. Ni fa wannan darasin lambobinsa nake so, rabi, rabin rabi, lissafi mai tsafta, ban taɓa kawo rijiyar Kawu cikinsa ba sai yau. Na san canjin wancan zamanin dubban shekaru ya ɗauka, nasa kuma a rayuwar mutum ɗaya ne, ba abu ɗaya ba ne, amma na kasa raba su a raina.

An ɗauke wuta tun magariba. Auta ta ɓatar min da biro, na biyu a satin nan. Babi biyu suka rage ban taɓa ba, jarrabawa Talata.

Gobe kafin ya kama hanya zan tambaye shi shekarar da ya haƙa rijiyar.