Na shiga ruwan Wikki

Jiya da hantsi na shiga ruwan Wikki a Yankari. Ɗumi gare shi kamar an sirka, garau har ana ganin farin yashin ƙasa. Na daɗe a ciki, bayan nan nawa da ya hana ni barci wata da watanni ya ɗan lafa.

Sankarar mama ce, mataki na 4, ta riga ta kai ƙashi. Likita bai ɓoye mini ba, maganin na rage zafi ne da jan lokaci. Na sha kukana, na rubuta wasiyya, na biya bashin da ke kaina.

Yaya ta ce, "Haba ƙanwata, ki zauna gida ki huta mana." Na san ƙauna ce, amma kwanciyar ɗaki ta fi ciwon cin raina.

Hanya daga Bauchi ta ba ni wuya, sau uku muka tsaya na yi amai. 'Yata ce riƙe da jakar magani, tana goge mini fuska da gefen mayafinta.

Tsoro yana zuwa, musamman cikin dare. In Allah ya ara mini kwana, bayan allura ta gaba Madina nake so. Ku sa ni a addu'a.