Hazo, rema da tsuntsuwar da ta ƙi tsaya min

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙarfe biyar saura na tashi, sanyin Jos ɗin nan na bana ba ya wasa, ruwan bokiti kamar an ciro shi daga firij, fuska kawai na wanke na shafa man kaɗanya na ce wanka sai na dawo. Maman yara ta leƙo daga cikin bargo ta ce "Baban yara, tsuntsayen nan albashi suke biyanka ne?" ban ce komai ba don na san inda maganar ta dosa, ranar Litinin ne ƙarshen wa'adin kuɗin makaranta kuma Kirsimeti ta riga ta share aljihu tas. Muka yi addu'ar safe a gajarce na ɗau jaka na fita.

Laminga na nufa, wajen dajin Amurum, kusan kilomita 15 daga gari. Nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take tun 2001, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban na zuwa karatu, ni dai ba ɗalibi ba ne, malamin firamare ne da tsohuwar kamara Nikon D3100 ta gwanjo da lens 70-300 wanda in ka juya shi yana ƙara kamar ƙofar kicin. A kan mashin hannuna ya ƙage duk da safar hannu biyu.

Abin da ya kai ni wata 'yar tsuntsuwa ce ja mai kama da tsada, Turawa na ce mata rock firefinch, sai a 1998 masana suka tabbatar irinta daban ne, kuma a duwatsun nan namu na Filato aka gano hakan. Akwai wata 'yar tsuntsuwa daban, namijinta baƙi ne, da ba ta saƙa sheƙa sam, sai ta lallaɓa ta sa ƙwanta a sheƙar jar, a ƙyanƙyashe mata a ciyar mata, har namijin in ya girma kukan masu riƙonsa yake kwaikwaya. Duk sanda na tuna sai na yi dariya, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi.

Na hau dutse kafin bakwai, amma hazo ya rufe ko'ina, tsaunukan Shere da nake sa ran ɗauka ko alamarsu babu, rana ta fito kamar farin faranti kana iya kallonta ido da ido. Hoton nesa ya mutu kenan. Amma abin da na koya a hunturu uku da na yi ina wannan yawo, hazon da ke ɓata nesa shi ke gyara kusa, haske na zuwa a tausashe ba inuwa mai kaifi, busasshiyar ciyawa ta koma ruwan zuma. Sai dai ƙura, kai ƙura! ba a canza lens a fili a wannan lokacin, bara na yi wannan gangancin duk hoton sama sai ga ɗigo-ɗigo baƙi. Batir kuma a aljihun ciki nake sa shi kusa da jiki don sanyi na shanye shi da wuri.

Na zauna a tsagin dutse ina karkarwa, sai Zabura 147 ta faɗo min, wajen da ake cewa Ubangiji na saukar da dusar ƙanƙara kamar ulu yana watsa jaura kamar toka. Ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a kalanda da katin Kirsimeti, amma toka kam ga ta nan har cikin hancina.

Wajen takwas saura kwata jar tsuntsuwar ta zo. Ja wur, baki mai ɗan shuɗi, ta sauka a kan dutse bai fi taku goma ba. Zuciyata ta buga, na ɗaga kamara da sauri, to saurin ne ya cuce ni, igiyar ta shafi busasshen ganye ya yi ƙaras, fir ta tashi. Na danna sau huɗu, da na duba dutse ne ya fito tar da wani jan abu a gefe kamar an goga janbaki. Gaskiya na ji haushi har na yi tsaki da ƙarfi, ni kaɗai a daji kamar wani zautacce.

Na ajiye kamarar a cinya ban sake ɗagawa ba kusan rabin awa, kuma a nan ne na fara ganin wajen. Remaye uku suka fito daga rami suka miƙe a kan fa suna shan hantsi, jikinsu ba ya riƙe zafi sosai shi ya sa sai sun gasa kansu kafin su fara kiwo, ɗayan yana hamma da 'yan haƙoransa biyu. Karin Magana 30 ta sa rema cikin ƙananan halittu huɗu masu hikima, ba ƙarfi amma gidansu a dutse. Kazar dutse na ta surutu a ƙasa, cilakowa ta wuce. Can kan karan dawa a gonar wani ga ɗan baƙon Turai, whinchat, mai farin layi a saman ido, bai kai nauyin batirin agogon bango ba amma ya ƙetaro teku da Sahara don ya yi hunturu a nan, wato sanyin da nake kuka da shi, shi a wajensa gudun sanyi ya yi. Irmiya 8:7 ta ce shamuwa ta san lokacinta, kuma haka ne, tamu ta tafi kudu tun bayan damina sai bazara za mu ga ƙeyarta.

A Matiyu 6 Yesu cewa ya yi mu dubi tsuntsaye, kuma da masu damuwar ci da sutura yake magana. Na sha karanta wa yaran Sande sukul wannan, yau dai ni aka karanta wa, don tun a kan mashin lissafin Litinin nake yi. Ba zan ce damuwar ta tafi ba, kuɗin ba su ƙaru a asusu ba, amma na yi addu'a a kan dutsen nan irin wadda na daɗe ban yi ba, ido a buɗe ma na yi ta.

Hoto 212 na dawo da su, na goge duka sai tara. Na rema mai hamma ya fi kyau, auta ta ce ya yi kama da kawunta in ana wa'azi mai tsawo, uwarta ta make ta tana dariya. Na jan gogen nan ma ban goge ba. Leɓena ya tsage, gobe ni ke jan waƙa a sujadar Hausa, bari in nemi ruwan zafi da citta.