Yadda muka rasa sunan kayanmu a Jamus

Na ajiye aikina a kamfanin da ke fitar da zoɓo da citta zuwa Turai, kuma tunda abokan aiki da 'yan kasuwar Dawanau suna ta tambayata abin da ya faru da tsohon sunan kayanmu, gara in rubuta shi wuri ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka sani sun sani.

Shekara da shekaru a buhu muke sayarwa. A sayo zoɓo daga Maigatari da sauran kasuwannin Jigawa, mata su tsince shi, a ɗura a kwantena, ya sauka Hamburg, masu haɗa shayi na Jamus su zuba shi cikin kwalinsu da sunansu. Wahalar tana wajenmu, tsokar ribar tana wajensu. Da Alhaji, mai kamfanin, ya yanke shawarar mu fara ƙunsa namu da kanmu, da sunanmu a jikin kwali, ni aka ɗora wa duk abin da ya shafi takardu. Na yi murna ƙwarai, domin na daɗe ina fatan ganin wannan rana.

Abu na farko da na yi shi ne shigar da takardar neman rajistar tambarin a Abuja. Mutane da yawa suna ɗauka takardar CAC ta wadatar, alhali ita sunan kamfani kawai take riƙe maka, ba sunan da ke jikin kaya ba. Ita ma rajistar Abuja iyakarta Najeriya. Amma tana da wani amfani guda da ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya san shi ba. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris ta 1883, wadda Najeriya da Jamus duk suna ciki, daga ranar da ka shigar da takarda a ƙasarka kana da wata 6 ka shigar da irinta a wata ƙasar, a lissafa maka da ranar farko. Ko da wani ya riga ka kai takarda a tsakanin wannan lokaci, kai ne a gaba.

'Yan'uwanmu na Gana, da na Nijar da Kamaru da Chadi ta hanyar OAPI, ƙungiyar rajistar tambura ta ƙasashensu da ke Yawunde, suna iya bin tsarin Madrid, su cike takarda ɗaya ta kai su ƙasashe da yawa. Najeriya ba ta cikin wannan tsari, don haka mu sai mun je kai tsaye. Hanya biyu ce a gabanmu. Ko ofishin rajista na Jamus, DPMA, da ke Munich, inda ake biyan Yuro 290 idan ta intanet aka shigar, kuma kuɗin ya ɗauki rukunin kaya har uku. Ko ofishin Tarayyar Turai, EUIPO, da ke Alicante a Sifaniya, Yuro 850 a rukuni ɗaya, ya tsare maka suna a ƙasashe 27. Sai kuɗin lauyan can, domin wanda ba mazaunin Turai ba dole ya sami wakili da zarar magana ta taso. Duk wannan na rubuta shi dalla-dalla, da lissafinsa da ranar da wata shidan za su cika, na tura wa manaja ta imel, na kuma ajiye masa kwafi a tebur.

Da shiru ya yi yawa na same shi a ofis. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Malam, mu da muke da CAC, muke da NAFDAC, wace rajista kuma?"

Na ce, "Yallaɓai, waɗannan ba su ƙetare ruwa. A can, wanda ya fara kai takarda shi ne mai suna."

Ya ce, "Wa zai sace mana suna? Mutumin da ke karɓar kayanmu amininmu ne, har gidan Alhaji ya ci tuwo. Ka bari kaya su karɓu tukuna."

Na nemi izini in kai maganar gaban Alhaji. Ya ce duk takardar da za ta je wajen Alhaji ta teburinsa take bi, kuma ba ya son ƙananan ma'aikata masu tsallake na gaba da su. A wannan kakar ne aka je baje kolin kayan abinci na Anuga a birnin Kolon na Jamus, aka raba samfur da katin kamfani ga duk wanda ya miƙo hannu. Ni na haɗa lissafin tafiyar, don haka na san kuɗin masaukin tawagar na dare ɗaya ya fi kuɗin rajistar da aka hana.

Kaya suka karɓu kuwa. Shagunan 'yan Afirka da na Turkawa suka fara nema, wani mai saye na biyu a Jamus ya ba mu farashin da ya fi na amininmu, muka tura masa. Kayan ba su daɗe da shiga sito ba sai ga wasiƙar lauya ta same shi: ya daina sayar da kaya masu wannan suna, ya sa hannu cewa ba zai sake ba, ya biya kuɗin lauyan da ya rubuto wasiƙar, in ya ƙi a haɗu a kotu. A Jamus haka ake yi, kuma ba wasa ba ne. Mai rajista yana ma iya neman kwastan su tsare kaya tun a tashar jirgin ruwa. Mutumin ya kira mu ransa a ɓace, ya ce mu zo mu kwashe kayanmu.

A daren na buɗe shafin rajistar DPMA, wanda kowa zai iya dubawa kyauta, na rubuta sunan. Ga shi nan, harafi bai canza ba, a rukuni na 30 inda shayi da kayan yaji suke, mai shi kuma amininmu na Hamburg. Da na dubi ranar da ya shigar da takardarsa sai jikina ya yi sanyi. Tana cikin wata shidanmu. Da an ba ni kuɗin nan, ko a makon ƙarshe ne, da ranar Abuja ta sa mu gabansa, da tasa rajistar ce a cikin haɗari. Ofishin Jamus ba ya bincika ko wani ya riga ka mallakar suna, wannan aikin mai suna ne. Bayan an buga rajista ana ba da wata 3 ga duk mai ƙorafi ya kawo. Su ma sun wuce, domin an hana a ɗauki lauyan da zai riƙa sa mana ido.

Abin da ya faru a ɗakin taro shi ne har yau bai bar zuciyata ba. Alhaji yana zaune, akanta yana nan, mai kula da sito yana nan. Manaja ya nuna ni da biro ya ce, "Ranka ya daɗe, ai saboda irin wannan muka ɗauki mai takardu." Na fito da imel ɗin da na buga, da kwanan wata a kansa, na miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Manaja ya ce takardu nawa ke zuwa teburinsa a rana, kuma ban nuna masa abin na gaggawa ba ne. Alhaji ya karanta, ya ninke takardar, ya sa a aljihu, bai ce uffan ba. Manajan surukinsa ne. Washegari aka kawo mini takardar tuhuma kan sakaci, aka kuma cire sunana daga ƙarin albashin shekarar. Na amsa tuhumar a rubuce, na haɗa da kwafin komai, ba a taɓa ba ni amsa ba, ba a kuma janye ta ba. Ina da iyali, na haɗiye na ci gaba da zuwa aiki. Amma ba zan ce na yafe ba alhali mutumin bai taɓa neman yafiya ba.

Lauyar da muka ɗauka daga baya ta ce akwai ƙofa. Dokar Jamus, da ita kanta Yarjejeniyar Paris, sun hana wakili ko dila ya yi rajistar tambarin ubangidansa da sunansa ba da izini ba, har ana iya tilasta masa ya mayar. Sai dai dole ka tabbatar cewa wakilinka ne, ba mai saye kawai ba. Ta ce a kawo yarjejeniya. Babu. Manaja ya taɓa cewa rubuta yarjejeniya da amini rashin yarda ne, duk cinikin a waya aka ƙulla shi, takardun kuɗin kaya kuma mai saye suka kira shi. Ta ce ana iya kai ƙara kan mugun nufi, amma shari'ar za ta ja, kuma a can wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin ɓangarorin biyu. Amininmu ya aiko cewa zai sayar mana da sunanmu, a kan kuɗin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Alhaji ya ce ba zai sayi abinsa ba. Aka farke ƙunshin, aka juye zoɓon a buhu, aka karyar da shi a farashin sari. Kwalayen da muka buga a Kano, masu jan launin da na yi ta kai da komo da maɗaba'a a kansa, suna nan jibge a bayan sito.

Suna a Turai kamar fili ne a bayan gari. Ka share shi, ka kafa turaku, kowa a unguwa ya san naka ne, amma wanda ya riga ka zuwa ofishin ƙasa shi za a saurara.

Sabon sunan ni na yi masa komai, kuma wannan karon Alhaji da kansa ya ce takardun su riƙa zuwa hannunsa kai tsaye. Bai ce mini an zalunce ni ba, wannan umarnin shi ne iyakar abin da na samu. Kafin a zana ko layi ɗaya a kwali na bincika TMview, rumbun tambura masu rajista da ke intanet, na duba sunaye masu kama da namu a rubutu da a furuci, domin kamanni ma yana kayar da takarda. Mun zaɓi ƙirƙirarren suna, tunda ba a ba kowa mallakar kalmar da ke bayyana kayan kawai. Muka bi ta Alicante, rukuni na 30 da na 32 saboda Alhaji yana da niyyar fara zoɓon kwalba, Yuro 900 ke nan, rukuni na biyu Yuro 50 ne. Lauyar ta gargaɗe mu cewa ƙorafi daga ƙasa ɗaya tak yana iya rusa takardar Tarayyar gaba ɗaya, don haka wata ukun jiran nan ban yi su cikin kwanciyar hankali ba. Babu wanda ya fito. Manaja ya so a sa sunansa a matsayin mai tambari, wai don sauƙin sa hannu. Na ce sunan kamfani za a sa, kuma shi aka sa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, na bar su a fayil ga wanda zai gaje ni. Da zarar an buga takardarka wasiƙu masu kama da na hukuma za su fara zuwa suna neman kuɗi, kada a biya ko ɗaya sai lauya ta gani. Rajista shekara 10 take yi, sai a sabunta. Rukunin da aka yi shekara 5 ba a sayar da komai a cikinsa ba ana iya ƙwace shi, saboda haka maganar zoɓon kwalba kada ta kwana, kuma a adana rasit da hotunan kaya a kanta. Duk dilan da za a ɗauka ya sa hannu cewa tambari na kamfani ne, ko da ɗan uwa ne na jini.

Ingila ce ta rage, kuma ita ce ke damuna. Tun 1 ga Janairun 2021 rajistar Tarayyar Turai ba ta tsare kowa a can, sai an je ofishinsu na Newport daban. Kayanmu sun fara shiga shagunan Landan da Manchester ta hannun wani dila, sunan kuma ba shi da takarda a ƙasar. Ranar da na je sallama na faɗa wa Alhaji baki da baki, a gaban akanta, na ce, "Ranka ya daɗe, kada a bar wannan ya bi sawun na Jamus." Ya ce a kawo masa lissafin kuɗin ranar Litinin. Na riga na haɗa lissafin, na ba akanta a hannunsa kafin in miƙa makullin ofis.