Ƙara wa Kwamfuta Gudu a Garin da Zafi Ke Kai Digiri 40

Sana'ata ita ce haɗa kwamfutocin tebur da gyara su, kuma ƙaramin shagona yana cikin birnin Kano, inda nake aiki tare da yaran da nake koya wa aikin. Yawancin masu zuwa wurina masu tace bidiyon biki da finafinai ne, da masu zanen gine-gine, da masu aikin ɗab'i, wato mutanen da nawar na'ura take taɓa aljihunsu kai tsaye, domin awa ɗaya da kwamfuta ta ƙara wajen fitar da aiki awa ɗaya ce ta man janareta. Saboda haka buƙatar da aka fi kawo mini ita ce a canza firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, a sa masa abin sanyayawa na ruwa, sannan a ƙara masa gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Ina yin duka ukun, amma ba kowa nake yi wa duka ba, kuma ba a jeren da mai kaya yake zato nake bin su ba.

Abin da nake fara dubawa shi ne madabod, babban allon da ake ɗora duk sassan kwamfuta a kansa, domin shi ne yake yanke hukuncin abin da zai yiwu. Kowane firosesa yana da soket ɗin da yake shiga. A ɓangaren Intel, zubi na 12 da na 13 da na 14 duk suna zama a soket ɗin LGA1700, amma sababbin Core Ultra da suka fito a 2024 sun koma LGA1851, don haka mai son su dole ya sayi sabon madabod. Bayan wannan, Intel ba ya barin a taɓa gudun firosesa sai wanda lambarsa take ɗauke da harafin K, kuma sai a kan madabod mai harafin Z, kamar Z690 ko Z790. Na sha ganin wanda ya biya kuɗin mai K ya ɗora shi a kan B660, ya dawo yana tambayar inda ake ƙara gudun. A ɓangaren AMD lamarin ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi: soket ɗin AM4, wanda Ryzen na farko ya zo a kansa a 2017, ya ɗauki zubi bayan zubi har zuwa Ryzen 5000, kuma madabod irin B450 da B550 da X570 duk suna yarda a ƙara gudu, sai dai A320 da A520 ba sa yarda. Sabon soket ɗinsu na AM5, wanda ya fito a 2022, ba ya karɓar ram sai DDR5, kuma wannan kaɗai yana iya ƙara kuɗin aikin da yawa.

Wani matashi mai tace bidiyo ya taɓa kawo mini kwamfutarsa mai Ryzen 5 2600 a kan madabod B450, ya ce ya tara kuɗi yana son Core i9-13900K, domin ya ga ana cewa babu kamarsa. Na ce masa, “Malam, idan ka sayi wannan, sai ka sayi madabod, sai abin sanyayawa babba, wataƙila har da akwatin wuta, kuma inbatarka ce za ta ɗauki nauyin.” Wannan firosesa, bisa alƙaluman Intel da kansa, yana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, kuma kusan duk wannan wutar zafi take zama a cikin ɗakin da yake zaune. Ya ce, “To, Oga, mene ne abin yi?” Na ba shi shawarar Ryzen 7 5700X, mai ƙwayoyin aiki takwas, wanda yake kaiwa gigahaz 4.6, kuma yake shiga madabod ɗinsa ba tare da an canza ram ba. Ban ba shi 5900X mai ƙwayoyi goma sha biyu ba, duk da cewa soket ɗin ɗaya ne, saboda sashen da yake daidaita wa firosesa wuta a madabod ɗinsa ƙarami ne, ko ƙarfen sanyayawa na kirki babu a kansa, kuma irin wannan sashe shi ne yake fara galabaita a lokacin bazara. Ragowar kuɗinsa muka sa a ƙarin ram da ma'ajiya mai sauri.

Akwai matakai biyu a irin wannan canji da ba na barin yaro ya yi shi kaɗai sai ya daɗe a hannuna. Na farko shi ne sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod wadda take tayar da kwamfuta, wanda dole a yi shi tun tsohon firosesa yana ciki, domin yawancin tsofaffin B450 ba za su tashi da Ryzen 5000 ba sai an sabunta su, kuma ba na fara wannan aiki sai kwamfutar tana kan inbata, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyarsa tana iya kashe madabod. Na biyu shi ne cire tsohon abin sanyayawa. A AM4 ƙafafun suna jikin firosesa ne, siraran allurai fiye da dubu, kuma idan man da ke tsakaninsa da ƙarfen ya bushe, fizga ɗaya takan tumɓuko shi daga soket ta lanƙwashe ƙafafun. Sai a kunna na'urar ta ɗan yi aiki man ya yi laushi, a kashe, a kwance sukurori, a murza ƙarfen hagu da dama a hankali har ya saki da kansa.

Game da ruwa, akwai fahimtar da nake ƙoƙarin gyarawa kusan kullum. Mutane da yawa suna ɗauka abin sanyayawa na ruwa yana aiki kamar firiji, alhali aikinsa irin na lagireton mota ne. Farantin jan ƙarfe yana zaune a kan firosesa yana karɓar zafi, ƙaramin famfo yana tura ruwan ta cikin tiyo zuwa lagireto, fankoki suna hura iskar ɗaki ta cikinsa, ruwan ya huce ya dawo. Tun da iskar ɗaki ce take ɗauke zafin, ruwan ba zai taɓa yin sanyi ƙasa da ɗakin ba. Nan ne bambancinmu da masu gwajin da ake kallo a intanet yake, domin su a ɗakuna masu digiri ashirin da 'yan kai suke aunawa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ba ya nesa da haka. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi firosesa zai ƙara. Wanda ya nuna 75 a wurinsu yana iya kusantar 90 a wurinmu, kuma 90 ita ce iyakar 5700X, inda yake fara rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. Firosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 iyakarsu 100 ce. Don haka a ganina amfanin ruwa na farko a nan shi ne ya riƙe firosesa a kan gudun da aka saya shi da shi har a gama dogon aiki; ƙarin gudu yana zuwa ne daga abin da ya rage bayan wannan.

Ba kowa nake sayar wa na ruwa ba. Babban abin sanyayawa na iska, irin Noctua NH-D15 mai hasumiya biyu, yana gogayya da na ruwa mai lagireton milimita 240, kuma babu abin da zai mutu a jikinsa sai fanka, wadda ake canzawa cikin minti kaɗan. Na ruwa yana da famfo, famfo kuwa yana mutuwa, ruwan ma yana raguwa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo cikin shekaru ko da babu yoyo. Wanda zai ɗauki kwamfutarsa zuwa garin da babu mai gyara kusa, na iska nake sa masa. Na ruwa mai milimita 120 ba na ajiye shi a shago ko kaɗan, domin ba ya fin na iska mai matsakaicin kuɗi. Na 240 ko 280 ya wadaci ƙwayoyi takwas, na 360 kuma shi ne na masu jan wat ɗari biyu zuwa sama, muddin akwatin kwamfutar yana da wurinsa, abin da nake aunawa da tef kafin a biya kuɗi.

Wajen ɗaurawa, abu na farko shi ne ɓare siririyar ledar da ke manne a farantin jan ƙarfen, wadda ba a cika ganinta ba sai an karkata shi ga haske. Idan aka manta da ita, zafi zai yi tsalle zuwa iyaka tun kafin a buɗe wani aiki. Ana ɗiga man a tsakiyar firosesa, a ɗora farantin, a ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don matsin ya daidaita. Sannan famfo bai kamata ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan ba, saboda 'yar iskar da ke ciki sama take taruwa, kuma idan ta taru a famfo sai ya riƙa ƙugi yana ci da wuri. Na fi son lagireto a rufin akwati, ko a gaba tare da tiyo a ƙasa.

Shi kansa ƙarin gudun ya canza daga yadda muka same shi. A zamanin Core i5-2500K na 2011, wanda ya zo da gigahaz 3.3, mutane da yawa suna kai shi 4.5 da abin sanyayawa mai kyau, kuma ana jin bambancin a hannu. Yanzu kamfanonin sun riga sun cinye yawancin wannan rata, domin firosesa da kansa yake hawa zuwa ƙololuwa matuƙar zafi da wuta sun ba shi dama. Abin da ya sa turawa da ƙarfi ba ta biya shi ne yadda wuta take hawa: jan wuta yana tafiya daidai da gudu, amma yana tafiya da ninkin bolt a kan kansa, ta yadda ƙarin kashi goma cikin ɗari na bolt yake kawo ƙarin wajen kashi ashirin da ɗaya na zafi tun ba a lissafa gudun ba. Saboda haka a kan Ryzen hanyar da nake bi ita ce in buɗe PBO, wanda yake ɗaga iyakar wutar da aka yarje wa firosesa, sannan in shiga Curve Optimizer in rage bolt ɗin da kowace ƙwaya take nema. A Ryzen 5000 ana iya saukowa har maki 30 ƙasa, amma ba kowane yake jurewa ba, kuma ƙwayoyin da suka fi gudu su ne sukan fara ƙi. Idan bolt ya ragu zafi ya ragu, idan zafi ya ragu firosesa ya daɗe a sama. Firosesa biyu masu lamba ɗaya, daga kwali ɗaya, ba lallai su karɓi saiti ɗaya ba, shi ya sa ba na kwafar lambobin wani in zuba wa mai kaya.

Abin da ya faru da Intel a 2024 ya ƙara mini dalilin taka-tsantsan da bolt. Kamfanin ya amince cewa wasu firosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da kima, abin da yake lalata su a hankali har su fara faɗuwa a tsakiyar aiki. Ya fitar da gyare-gyare ta hanyar BIOS, ciki har da 0x129 da 0x12B, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantin waɗanda abin ya shafa, amma gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Wannan yana da muhimmanci a kasuwarmu da kayan hannu suka yi yawa, don haka duk 13900K ko 14900K na hannu da aka kawo mini, sai na sabunta BIOS na gwada shi sosai kafin in ce a saya, kuma ba na ƙara masa bolt ko mai shi ya roƙa.

Gwaji shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ainihin abin da nake karɓar kuɗi a kansa. Ina buɗe HWiNFO don kallon zafi da wuta, in saki Cinebench ko OCCT don ya ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, in bar shi ya wuce rabin awa, saboda ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, kuma lambar da aka gani a minti biyar na farko yaudara ce. Ina yin wannan da rana, akwati a rufe, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, domin haka yawancin masu kayan suke aiki. Rage bolt yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon shiga: kwamfutar takan jure aiki mai nauyi lafiya, sai ta mutu ta tashi da kanta lokacin da ba a komai a kanta, don haka ina barin ta a kunne cikin ƙananan ayyuka ma. Ram kuma ina kunna masa XMP, saitin da ke sa shi aiki a kan gudun da aka rubuta masa, in gwada shi daban da MemTest86, don idan matsala ta taso in san daga inda ta fito. A ƙarshe ina neman mai kayan ya kawo aikinsa na gaske, bidiyo mai tsawo, mu fitar da shi a gabansa, sannan in ja da baya da maki kaɗan daga inda na ga ta tsaya daidai.

Kafin kwamfuta ta bar shago ina rubuta wa mai ita saitin da na sa a bayan rasit, in adana shi a cikin BIOS, in kuma gaya masa a fili cewa AMD da Intel duk sun bayyana cewa garantinsu bai rufe lalacewar da wuce ƙa'idarsu ta jawo ba. Ina nuna masa wat nawa na'urar take ja yanzu idan aiki ya yi nauyi, don ya lissafa da batirinsa da solarsa, kuma wasu da suka ga lambar sukan ce a mayar da iyakar wutar yadda take a bar ragin bolt kawai, abin da nake yi ba tare da gardama ba. Sharaɗina na ƙarshe shi ne ya dawo da ita bayan hunturu, domin ƙurar da ake yi daga Disamba zuwa Fabrairu takan toshe siraran haƙoran lagireto, kuma ina son in hure su da bulowa, in saurari famfon, in sake auna zafin kafin bazara ta shigo.