Aikin Sauti a Fim, Sana'ar da Nake Ci da Ita

Mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ƙarar janareta ta danne muryar jaruma, sai ya nemi wani fim ɗin. Balle yanzu da finafinan Hausa masu dogon zango suka koma YouTube, ana kallo a waya, iyafis a kunne, ko motsin kujera sai an ji. Aikinmu ke nan a ɗan sutudiyona da ke Kano: ɗaukar sauti a lokeshan, tace shi, da ɗora kiɗa.

Ba abin da ke ba mu wahala kamar shadda. Jarumi zai zo cikin sabuwar shadda da ta sha bugu, ka maƙala masa ƙaramin makirufo a ƙirji, ko hannu ya ɗaga sai ƙarar yadin ta cinye maganar. Mu a jikin singileti muke liƙa shi da filasta, mu sa 'yar auduga tsakaninsa da riga, sannan mu rataya babban makirufo a sanda bisa kansa don a samu madogara biyu. Lokacin hunturu mukan sa wa makirufon rigar gashi saboda iska. Idan an gama fitowa kuma nakan roƙi kowa ya yi tsit na minti ɗaya, mu naɗi shirun wurin, domin shirun zauren ƙasa daban yake da na falo mai tayil. Da shi ake cike giɓi wajen tacewa.

Maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, riƙon sanda ya fara ba ni, har kafaɗa ta riƙa zafi. Da dare sai ya kashe hoton, ya bar sauti kaɗai, ya ce in faɗa masa wa ya shigo, wa ya fita, ɗakin babba ne ko ƙarami. A wurinsa na fara jin labarin Jack Foley, mutumin kamfanin Universal a Amurka, wanda ya shahara da ƙirƙirar ƙarar taku da ta ƙofa bayan fim mai magana ya kankama a 1927. Yau a sutudiyona akwai faranti cike da yashi, silifa, buta, guntun ƙyauren langa-langa, har turmi da taɓarya. Takun tsohuwa da hannu muke yin sa, muna bin ƙafarta a hoto.

Abin da ke ci mini rai shi ne furodusan da zai zuba kuɗi a kyamara da sutura da hayar gida, in an zo kan sauti ya fara ciniki kamar a Kantin Kwari. Zai ce ai akwai yaron da zai yi masa a rabin kuɗin. Yaron kuwa kiɗan tausayi ɗaya ya sauko da shi daga intanet, shi zai sa a mutuwa, shi zai sa a saki. Mu in labarin ƙauye ne mai sarewa ko mai goge muke kira ya zo a naɗa. Wata fitowar ma, kamar zaman makoki, ba ma sa kiɗa ko kaɗan, sheshsheƙa da ƙarar carbi sun isa. Sau da yawa furodusan kan dawo da aikin yaron a gyara, alhali muryar da ta fashe tun a lokeshan sai dai a kira jarumi ya sake maimaitawa, kuɗi ya ninka.

Duk mai son aiki da mu, ya kawo labarin tun kafin a fara ɗauka. Mukan je mu saurari gidan da za a yi aikin tukuna, mu ji ko akwai injin niƙa ko tashar adaidaita sahu a kusa.